Shekarun Naji

Mijina Hizam shekararsa sittin da tara, amma a takarda sittin da biyar, kuma sunansa Naji. Naji ƙaninsa ne. Mahaifinsu da ke aiki a masana'antar mota nan Detroit a Amurka ya nema wa ƙaramin izinin shigowa, amma kafin ya taho ƙyanda ta kashe shi a ƙauye can Yaman yana ɗan shekara tara. Sai aka turo Hizam da takardar.

Shekara huɗu ke nan yanar ido na rufe shi, muna jiran takarda ta tsufa ya shiga inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, a yi masa aikin ido. Wata bakwai suke ba mutum ya yi rajista, uku kafin watan da zai cika sittin da biyar, uku bayansa. Wanda ya makara sai ya jira wani zagaye, ga biyan tara har mutuwa. Na ɗauka ranar farko zai ruga. Ina! Fiye da wata shida ya yi yana min hanya-hanya.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, na tarar yana zuba shayi kusa da kofi. Raina ya ɓaci.

"Abu Arwa, tebur kake shayarwa? Kai da ka ishe mu da lissafin watanni, yanzu ƙofa ta buɗe ka tsaya ruwan ido?"

"Wane idon?" in ji shi, yana dariya.

"Ni ba wasa nake ba."

Ya daɗe yana shafa gefen tebur. "Ummu Arwa, na yi makaranta da sunan yaron nan, na yi aiki da shi, da shi aka rubuta aurenmu. Duk na ce aro ne. Amma tsufa? Yaron da ko gemu bai yi ba, in je in karɓi tsufansa?"

Tausayinsa ya kama ni. Shekara arba'in muna tare, ban san yana ɗauke da wannan ba.

Na ce, "Ka biya harajin inshorar da sunansa, ka jira da shekarunsa. Wa ya rage da ya san fuskarsa in ba kai ba? In ka makance, a ina za a gan shi?"

Washegari 'yarmu Arwa ta kai mu ofishin. Ma'aikaciyar ta tambayi ranar haihuwa, ya faɗa bai yi gargada ba. Ta buga, ta yi murmushi, ta ce barka da cika sittin da biyar.

A mota ya jingina kai da gilashi, ya ce a hankali, "Naji, ka ji? Ka tsufa."