Ajiyar Malam Hambali

Sai da aka ɗiga wa kwaɗon man keken ɗinki kafin ya yarda ya buɗu. Malam Hambali ya tura ƙofar siton, warin kwali da zafi suka fito suka tarbi baƙi. Ya ja da baya ya gyara hula, ƙirjinsa cike, don yau ranar wanka ce, kuma cibiyarsa ba ta da abin ɓoyewa.

Shi ne mai kula da sito a wata sakandaren 'yan mata da ke Fagge. Shekarun baya gwamnati ta kawo kwamfutoci arba'in irin na ɗora wa cinya, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka danƙa masa mukulli. A makon ne labari ya zo cewa an kori takwaransa na wata makaranta saboda yara sun fasa gilashin guda biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shugabar makaranta ta ce a jira malamin kwamfuta, malamin bai zo ba, Hambali ya rufe ƙofa ya rataya mukulli a wuya.

Hajiya Kamila, oditar da aka turo ta binciki inda kuɗin na'urorin makarantu suka shiga da yadda ake amfani da su, ta ƙirga kwalaye ta samu cif. Ta ce makarantar da ta baro jiya kwalayen ne kawai suka rage, kayan sun daɗe da bin hanyar kasuwar Bata. Hambali ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa.

* * *

'Yarsa Ruwaida tana ajin ƙarshe a makarantar. Ranar Asabar za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu da kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ko sau ɗaya yatsanta bai taɓa sauka a kan madanni ba. Ta roƙe shi tun farkon zango ya buɗe mata ko na rabin awa. Uwarta Gumsu ta sa baki, ta ce ai ba cinyewa yarinyar za ta yi ba. Ya ce amana ba ta san 'ya ba. In ya buɗe wa tasa, da wane ido zai kalli 'ya'yan mutane?

* * *

Hajiya Kamila ba ta tsaya a ƙirga ba. Ta zo da Celestine, mai gyaran kwamfuta a Kasuwar Sabon Gari, ta ce a kunna. Aka tayar da janareta. Celestine ya yaga ledar ta farko, ya jona, ya danna. Shiru. Ya juya ta, sai ga bayanta ya kumbura kamar burodin da ya sha yis. Ta biyu haka, ta goma haka. Ya share gumi ya dubi dattijon.

"Baba, wannan kaya ba atamfa ba ne. Atamfa ka ajiye a Kantin Kwari shekara goma, tana nan. Wannan in ba ka kunna shi, shi ya mutu."

Hambali ya ce ko ƙura bai bari ta hau su ba. Celestine ya ce ya gani, wallahi bai taɓa ganin gawa mai tsabta haka ba.

Oditar ta shiga ajin ƙarshe ta tambayi wadda ta taɓa aiki da kwamfuta a makarantar nan. Ba hannun da ya tashi. Ta taga Hambali ya hango Ruwaida, ta kafa ido a kan tebur don kada ta dube shi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Kafin ta tafi Hajiya Kamila ta ce ba za ta kira shi ɓarawo ba, don ba shi ba ne. Ta ce a mayar da komai a rufe, sai kwamiti ya zo ya yanke hukunci. Shugabar makaranta ta yi ajiyar zuciya, har ta yaba masa a gaban malamai.

* * *

Da aka tashi, ya daɗe tsaye a cikin siton. Sannan ya zari guda ɗaya ya cusa a ƙarƙashin babbar riga. Mutumin da bai taɓa kai ko guntun alli gida ba, ya ratsa Fagge hannunsa dafe da ciki kamar mai ciwo.

A tsakar gida ya ajiye ta a kan tabarma gaban Ruwaida. Ya ce ba ta kawo wuta, amma haruffan suna nan, ta san mazauninsu kafin jibi. Gumsu ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta koma kan tsince shinkafarta.

Yarinyar ta ɗaga murfin a hankali. Ta dinga taɓa madannan ɗaya bayan ɗaya, baƙin gilashi yana kallonta.

"Baba, in na gama amsa tambaya, wanne zan danna in wuce ta gaba?"

Ya durƙusa kusa da ita, ya matso da fuska, ya bi layin haruffan da ido daga wannan gefe zuwa wancan. Aka kira sallar magariba yana nan durƙushe yana nema.