Salsalar Malam Jibirilla

"Sake karanta mini," in ji Malam Jibirilla daga kan katifarsa ta jinya.

Laouali, maƙwabcinsa direba, ya sake warware takardar da ta sha ninki har ta gaji. Sunaye arba'in da ɗaya, maza zalla, rubutun kakan Malam tun a Damagaram, ɗan wane ɗan wane har Ƙahɗan, kakan Larabawan Yaman. Shekara talatin 'yan unguwar Al-Oud ta Riyad suna tsokanarsa da "Balaraben Damagaram", shi ko a jikinsa.

Yanzu kam wasa ya ƙare. 'Yarsa Marwa a Riyad aka haife ta, Hausarta ma a karye take, kuma iƙamarta, takardar zama, a jikin tasa take rataye. In ya cika, sai a tura ta ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Malam ya ƙudurta cewa in wani dattijon ƙabilar Ƙahɗan da ke unguwar Nasiriya ya buga hatiminsa a kan salsalar, za a bar ta.

Laouali ya san tatsuniya ce, amma ya tafi. Dattijon ya karɓe shi da mutunci, aka zuba gahawa, ya bi sunayen da yatsa. Na saman duk ya san su, ya ce, amma dangantaka a wurinsu ba takarda ke tabbatar da ita ba, sai rayayyun 'yan ƙabila sun tsaya sun shaida. Wa zai tsaya wa Malam? Laouali ya girgiza finjalinsa alamar ya ƙoshi, ya fito ya koma wurin Malam.

"Ya buga?" Malam ya tambaya.

"Ya ce gobe, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

Malam bai kai la'asar ba. Aka binne shi a maƙabartar Al-Oud yadda ake binne kowa a garin: dutse a kai, dutse a ƙafa, babu suna. Laouali ya ƙirga layuka don ya faɗa wa Marwa, tunda mata ba sa shiga, amma hawaye suka ɓata masa lissafin.

Ran da ya zo kai ta filin jirgi, ya miƙa mata takardar. Ta daɗe tana dubawa.

"Ammi Laouali," ta ce, wato baffa da Larabci, "ni ba na ciki ma."

Ta ninke ta a kan tsohon ninkinta, ta riƙe a cinya, tana kallon katangar maƙabartar ta gilashin mota har suka sha kwana.