Inuwar da Kogi Ya Ara

Ba don sha'awa na ɗauki darasin tatsuniyoyi da almaran duniya ba. Shi kaɗai ne ake tashi kafin lokacin ɗauko 'yata daga makaranta. Karatun aikin ofis na koma yi a kwaleji, amma dole ne kowa ya haɗa da darasi ɗaya na adabi, ni kuwa agogo na duba na zaɓa.

Ajin yana bene, taga ɗaya ba ta rufuwa, fankar kuma ƙararta ta fi iskarta. Malamarmu gajeruwa ce mai furfura. In za ta ba da labari sai ta cire tabarau, in za ta yi tambaya ta mayar. A bakinta na ji cewa al'ummu da dama, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, kowacce tana da labarin ruwan da ya cinye duniya, da na yadda wuta ta zo hannun mutane, da na ɗan aiken da ya yi nawa a hanya har mutuwa ta riga shi isowa. Ina rubutawa, rabin hankalina yana kan ko na sa wa Tarwaɗa rigar sanyi a jaka. Tarwaɗa muke ce wa 'yar tawa, don ba ta riƙuwa a hannu.

Da zango ya yi nisa, Malama ta mayar da tabarau ta ce, "Kun ji na mutanen duniya. Yanzu kowa ya kawo na gidansu, wanda ya ji da kunnensa. Ban da littafi. Ku zo ku faɗa da baki, daga farko har ƙarshe."

Wannan "har ƙarshe" shi ya tsaya mini a wuya.

Labari ɗaya nake da shi, na Mama. Kitso ne sana'arta, kuma kaina ne ya fi ba ta wahala a duk kawunan unguwa, har ta sa mini Sarkin Motsi. Duk ranar kitsona sai ta zauna a kan 'yar kujera a bakin ƙofa, ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe kwalbar mai, ta fara: wata yarinya ta je wanki, kogi ya ce ta ara masa inuwarta ya sha iska, ta ba shi, ya wuce da ita bai waiwayo ba. Sai yarinyar ta bi gaɓa tana cigiya. Kowane layin kitso kwana ɗaya ce ta kogin, kowace kwana da wanda za ta tarar. In na motsa, labari ya tsaya. Har yau in na ji ƙamshin irin man nan sai wuyana ya sandare da kansa. Amma ban taɓa jin ko yarinyar ta samu inuwarta ba. Kitson ne kullum yake riga labarin ƙarewa.

Ga shi tun bara mantuwa ta kama Mama. Takan ajiye makulli a firji, takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Na san in ban karɓi ƙarshen nan yanzu ba, ya tafi ke nan, don babu mai shi sai ita.

Ranar Asabar na ɗauki Tarwaɗa muka tafi gidan Yaya, inda Mama take zaune. Mun same ta a baranda, hannuwanta a kan cinya kamar an ba ta ajiyarsu. Na gaishe ta, na ajiye waya a kan tebur don in naɗi muryarta.

"Mama, labarin kogin nan nake so ki ba ni."

"Wane kogi? Mu da muke da famfo?"

"Wanda ya ari inuwar yarinya."

Ta dubi wayar, ta dube ni. "Wannan ne zai ji labarin? Abin da ko kai ba shi da shi?"

Na fara mata farkon, ko za ta kama. Ta saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa baƙo, ta ce, "Allah sarki, ai kuwa an cuce ta." Na kawar da kai, na shiga gyara ɗankwali.

Ana haka Tarwaɗa ta dawo daga bin kyanwar Yaya, gashinta a tsefe, ta jingina da gwiwar Mama tana haki. Hannun Mama ya tashi da kansa. Farcenta ya tsaga gashin tun daga goshi har ƙeya, a miƙe kamar an sa zare. Ta ce, "Ƙawata, zauna daidai. Wata yarinya ce ta je wanki..."

Ban san lokacin da na janye yarinyar ba. "Mama, bari, kanta ba ya son ja."

Dokata ce tun tana jaririya: ba mai yi mata kitso mai tsauri, ba mai ba ta labarin tsoro. Na san hannun Mama. Na san kwana da ciwon kai, na san matar ƙarƙashin gada da ke cikin labarin, wadda ta hana ni fita fitsari ni kaɗai shekara da shekaru. Gashin Tarwaɗa tufka biyu nake yi masa sako-sako, shi ke nan.

Mama ta mayar da hannuwanta cinya. Maganar ta yanke, fuskarta ta koma kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. A nan na gane wautata. Labarin nan ba a bakinta yake ba, a yatsunta yake.

Na cire ɗankwali, na warware gashina, na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta laluba kan, yatsanta ya tsaya a kan tabon da na samu ranar da na faɗo daga katanga.

"Sarkin Motsi," ta ce. "Ina kika shiga?"

Rabon da ta gane ni tun kafin damina. Na ce, "Ga ni, Mama."

Ta kama layin farko, kogi ya karɓi inuwa, yarinya ta bi gaɓa. Amma gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, gashina kuma cika gare shi. Kafin a kai tsakiyar layi na biyu hannun ya gaza. Ta saki gashin. "Wannan kan ya fi ƙarfina yanzu. Da can ma da dabara nake cin sa."

Na dubi Tarwaɗa. Tana tsaye tana kallonmu, yatsa a baki, ga gashi mai laushi kamar auduga. Na ce, "Zo ki zauna wurin Kaka. In ya yi zafi ki matse hannuna."

Na zauna a gabanta na riƙe hannuwanta biyu, idona a kan fatar goshinta, ina jiran in ga ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Hannun da nake tsoro ba shi da sauran ƙarfin ja. Lallaɓa gashin kawai yake yi.

Labari ya miƙe. A kwanar farko mai wanki ya ce ya ga kogi ya wuce da inuwa da sassafe. A ta gaba ga mai kwalekwale da inuwa biyu, kuma ba tasa ko ɗaya. Da aka iso gada, wurin matar da ke ɗinke inuwoyin mutane tana yin dare da su, sai na saki hannu ɗaya zan toshe mata kunne. Tarwaɗa ta ture ni.

"Kaka, da wane irin zare take ɗinkin?"

"Baƙi mana, ƙawata. Kin taɓa ganin dare da farin zare?"

Suka yi dariya su biyu, suka bar ni da tsorona.

A layin ƙarshe yarinyar ta iso inda kogi yake shiga babban ruwa. Ga inuwarta can zaune a kan dutse, ta juya baya. Yarinyar ta miƙa hannu. Mama ta murɗe jelar kitson, ta ɗan bugi kafaɗar Tarwaɗa.

"Tashi, an gama."

"Mama, sai me ya faru? Ta kama ta?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta kuɗin iska. "In na ba ta inuwarta yau, da me zan zaunar da ke wani satin?" Ta goge man hannunta a zani. "Ni ma tawa uwar a nan take tsayawa. Na yi naci, ta ce in na haifi mai motsi zan gane."

Sai da muka hau mota na tuna ban ko danna wayar ba.

Ranar da layi ya zo kaina a aji, na ba da labarin tun daga wanki har dutse, na tsaya. Malama ta mayar da tabarau.

"Ƙarshen fa?"

"Kitson ya ƙare, Malama," na ce, sannan na faɗa musu yadda ake ba da shi a gidanmu. Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta cire tabarau, ta ce a garinsu ma akwai wani da ba a bayarwa sai ana tsinke wake, kuma ba ta tuna ta taɓa jin ƙarshensa ba.

Yanzu ni nake yi wa Tarwaɗa kitso, a barandar Yaya, duk Asabar. Hannun Mama ya daina kamawa, kwalbar mai take riƙe mana. Wata rana ta san mu, wata rana mu baƙi ne masu kirki. Makon jiya ina sauri, na tsallake mai kwalekwale na nufi gada. Mama, wadda tun zuwanmu ba ta ce uffan ba, ta ƙwanƙwashe ni a ka da matsefi.

"Sarkin Motsi, koma baya. Kin bar mutum a ruwa."