Jan Ƙyalle a Hannun Birki

Shekara talatin ina auren bakanike, shekara talatin ina faɗa da tsumma. Duk inda ka juya a gidanmu tsumma ne, bayan ƙofa, kan taga, har aljihun rigarsa ta fita kunya. Amma akwai guda ɗaya da Maigida ya ware, wani jan ƙyalle da ya yaga daga tsohon zanena. Duk babur ɗin da ya kwance wa wani abu bai gama ba, sai ya ɗaure masa shi a hannun birki, wato kada kowa ya hau. Na san wannan doka sarai. Ba zan ce ban sani ba.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, da babur take zuwa aiki. Tun ranar da ya saya mata shi ya ɗora mata karatu: kafin ta tayar sai ta tsuguna ta matsa tayoyi, ta duba bakin mai, ta taɓa sarƙa, ta gwada fitila da hon, sannan ta tura shi gaba kaɗan ta kama birkin hannu, ta taka na ƙafa. Ni kuwa dariya nake musu. Nakan ce ko surukai ba a yi musu wannan doguwar gaisuwa.

Ran nan Maigida ya yi sammakon fita bai ce min komai ba. Ina tattara kayan wanki na ga ƙyallen a babur ɗin Auta, ya yi baƙi ƙirin, sai ƙarnin mai yake. Na ce a raina, ai jiya da yamma ta dawo a kansa lafiya lau, mantuwa ce irin ta tsufa. Ga yarinya da fararen kaya. Na kwance shi na jefa cikin baho.

Auta ta fito a gurguje, jaka a kafaɗa, ta fara tsugunawa gaban taya.

"Ke, tashi don Allah," na ce mata. "Kin makara kina wani tsugunne-tsugunne. Babur ɗin da ubanki ke shafawa kullum me zai same shi?"

"Umma, Baba fa ya ce..."

"Baban naki yana nan? Wuce ki tafi."

Ta yi dariya, ta tayar, ta fice.

Ko minti biyar ba a yi ba Maigida ya shigo da sabuwar wayar birki a nannaɗe a hannunsa. Ya tsaya yana kallon inda babur yake ɗazu. Tabon mai kawai ya rage a ƙasa.

"Ina babur ɗin?"

"Ta tafi aiki mana."

"Da ƙyallen a jiki?"

Hannuna na cikin kumfa. Na ɗago ƙyallen ina nuna masa.

"Babu birki," ya ce, da wata murya da ban taɓa ji ba. "Wayar na gaba ta kusa tsinkewa, na zare ta. Notin na baya ya ci, yana aljihuna. Babu ko ɗaya."

Daga ƙofarmu hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ba mai neman birki sai an wuce shagon tela. Daga nan sai gangara, doguwa, wadda ke ƙarewa a babban titin da manyan motoci ke wucewa ba sa ko rage gudu. Ya kira wayarta. Muka ji tana ƙara a ɗakinta, a kan caji.

Ban san lokacin da na fita ba. Babu takalmi, mayafi a karkace, ni da ko gudun ruwan sama ba na yi saboda gwiwa. Maigida na gabana, ina jin numfashinsa kamar zai shiɗe. Tsoro ya cika ni har ba na ganin mutane sosai. Muryata kawai nake ji tana maimaita min, wuce ki tafi, wuce ki tafi. Ina ta roƙon Allah ya sa man babur ɗin ya ƙare, ko taya ta fashe, ko wani ya tsayar da ita da surutu.

Muna karya kwanar shagon tela na hango taro a tsakiyar gangara. Daga ƙasa wata babbar mota ta wuce tana hon, ƙasa na girgiza. Wata mata ta rabu da taron tana tafe hannu a ka. Na so in tambaye ta, na ji tsoron amsar.

Maigida ne ya ratsa mutanen, na bi bayansa ina riƙe da rigarsa.

Yashin gini ne aka juye a gefen hanya, tuli guda. Babur ɗin ya nutsa a ciki har rabin tayar gaba. Auta na zaune a ƙasa, fararen kayan sun yi jajir da ƙasa da jini, takalmi ɗaya babu, hannun hagu a rungume a ƙirji. Idonta a buɗe. Tana numfashi. Tsakaninta da babban titi bai fi taku arba'in ba.

Na zube a gabanta ina shafa fuskarta.

"Umma, na kama babu komai," ta ce. "Na taka, babu komai. Sai na ga yashin."

Sannan ta ɗaga kai ta dubi ubanta, hawaye na zuba.

"Baba, ka yafe min. Yau ban duba ba. Laifina ne."

Ba ta kalle ni ba, don kada ya gane ni na hana ta dubawa. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, kuka ya riga ni.

Da ma Maigida zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya miƙo hannu kawai. Sai a lokacin na ga ashe ƙyallen na damƙe a hannuna tun daga gida, yana ɗigar ruwan sabulu. Ya karɓa, ya je ya ɗaure shi a hannun birkin, ƙulli biyu. Sannan ya dawo ya ɗauki 'yarsa.