Sunan da Malam Ummaru Bai Taɓa Kira Ba

Sai da saƙon ya tafi sannan Malam Ummaru ya lura akwai sauran rubutu a ƙasa.

Yana tsaye ne a tsakiyar gonarsa ta masara a bayan garin Bakori, kwanon takin zamani a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Layin farko kawai ya karanta. 'Yarsa ta fari ce, wadda ke aure a Kaduna, ta rubuto bayan shirun wata biyar, da Turanci kamar yadda ta saba, ta ce ita da 'yarta Yasmin sun iso Funtua. To amma ta sa kanta a gaba, ta kuma ɗauko "ni" ɗin da ba shi ba. Turancin littafi yana da "ni" iri biyu, na mai aikatawa da na wanda aka yi wa, kuma shekara talatin da biyar Malam ya yi a gaban allo yana raba su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mutanen titi ba ruwansu, wanda ya zo baki shi suke faɗa, kuma ana gane su sarai. Shi kam yatsansa bai jira shawararsa ba. Ya rubuta mata yadda jimlar ta kamata ta kasance, ya tura.

Sannan ya ja rubutun sama.

"Muna tasha, za mu wuce Gusau wurin Inna Barakatu. Saura mutum huɗu mota ta cika. Baba, in kana da wata magana da ba gyara ba, ka zo. In babu, ba komai."

Alamar an karanta ta riga ta fito a gefen gyaran nasa. Ya danna lambarta, abin da bai taɓa yi ba tunda ya mallaki waya, aka ce masa a kashe take.

Kwanon ya faɗi, taki ya watse tsakanin kunyoyi. Ya ratsa masarar da ta fi shi tsawo, ganye na yankar fuskarsa, ya isa gindin ɗorawar da ya jingine tsohon babur ɗinsa. Sau shida ya buga kafin ya tashi. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, kuma kafin ya hau kwalta yayyafi ya soma.

Tsakanin Bakori da Funtua ba wata tafiya ba ce, amma ta ishi mutum ya tuna abin da ba ya so.

Danginsu Fulani ne da suka zauna tun da daɗewa. Fulatanci ya tafi a zamanin kakansa, shanu suka bi baya, kunya kuwa ta zauna daram. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama hira da shi. Haka mahaifinsa ya yi masa har ya koma ga Allah, shi ma haka ya yi wa yarinyar nan. In yana son a kira ta sai ya ce wa matarsa Rabi, ina wance. In ya sayo mata takalmin Sallah sai ya ajiye a bakin ɗaki ya fita.

Da ta shiga sakandaren da yake koyarwa ne ya gano wata ƙofa. A cikin aji ba uba ba ne, malami ne, kuma Turanci bai san kunya ba. Yana iya tsayar da ita, ya dube ta ido da ido, ya ce sake faɗa. Wajen kiran suna, in ya zo kanta sai ya ce lamba sha bakwai, 'yan aji su ƙyalƙyale. Littafinta ya fi na kowa shan jan biro, domin a kansa ya fi daɗewa, yana kallon yadda take lanƙwasa baƙaƙe irin na uwarta. A ganinsa duk wani jan layi magana ce yake yi da ita. Bai taɓa tambayar yadda ita take karanta shi ba.

Rabi ce ke kai saƙo tsakaninsu, ta kawo amsa, ta ƙara gishiri a inda ya yi lami. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Tun daga nan gidan ya koma shi da rediyo, ita ma yana yi mata gyara tana ci gaba da maganarta. Samarinsa biyu suna Zariya, sai Sallah. Majalisar ƙofar masallaci ta rage kiransa, don ba wanda ke son ya jefa kalmar Turanci cikin hira a tsayar da shi a gaban jama'a. Masu kawo masa wasiƙar neman aiki ya duba sun koma tambayar wayoyinsu. Yarinyar ce kaɗai ta riƙa rubutowa, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta ba shi labarin makarantar Yasmin. Shi kuma ya mayar mata da saƙonta a gyare, yana ji a ransa ya amsa. Ana nan ana nan ta yi shiru.

Garken shanu ya tare hanya a wata kwana. Ya tsaya yana danna oda, ruwa na zuba a wuyan rigarsa, makiyayin yana kora su ba gaggawa. Da ya samu kafa ya kutsa, ƙahon wata ya goge masa madubi.

Ya shiga tashar Funtua a jiƙe sharkaf, wando duk taɓo. Motoci sun cunkushe a bakin ƙofa, kowace gilashinta a rufe ya yi hazo, ba a ganin komai a ciki sai inuwar hijabai.

"A'a, Malam Jan Biro da kansa. Yau wa ya faɗi jarrabawa?"

Ɗanasabe ne, ɗan kamasho, ƙato mai tsagar gemu, wanda Malam ya taɓa sa shi maimaita aji sau biyu. Ya rufe kansa da leda, yana dariya, yana cewa shi dai yanzu Turancinsa na tasha ne, da shi yake lodin mutanen Kudu kullum, ba wanda ya taɓa ba shi sifiri. Da ya dubi fuskar Malam sai ya haɗiye sauran. Ya ce motocin Gusau biyu ne suka cika kusan tare, ga su can a layin fita. Ya tambaya wa ake nema.

Malam ya ce wata yarinya ce da 'yarta.

"Malam, rabin tashar nan yarinya ce da 'yarta. Sunanta fa?"

Malam ya laluba aljihu ya fito da biro, ya kama hannun Ɗanasabe ya rubuta masa a tafi. Ɗanasabe ya karanta, ya ɗago kai.

"Lamba sha bakwai," in ji shi a hankali. Ajinsu ɗaya.

Ya ruga ya buge ƙofar motar farko, ya cusa kai ya ƙwala sunan har sau uku. Ba wadda ta amsa. Ya koma ta biyu ya ja ƙofa ya sake. Fasinjoji suka yi ta waige-waige, direba ya leƙo yana zagin a rufe masa ƙofa ruwa na shiga. Ɗanasabe ya juyo ya buɗe hannuwa, ya ce wataƙila ta bi wadda ta fita ɗazu.

Sai wata tsohuwa da ke kujerar bakin ƙofa, ƙullin goro a cinya, ta dubi Malam tun daga hula har takalmi.

"Kai ne uban?" Ta nuna baya da haɓa. "Wadda kuke nema ta ji. Ba muryar ɗan kamasho take jira ba."

Can kujerar ƙarshe, jikin taga, wata mai hijabi ruwan toka ta sunkuyar da kai har goshinta na taɓa kujerar gaba. Yarinya 'yar shekara bakwai na kan cinyarta, ta zuba wa baƙon dattijon ido. Rabonsa da ganin jikar tun zaman makoki.

Motar gaba ta fice. Direba ya sa giya, motar ta motsa, Ɗanasabe ya dafe ƙofa yana tafiya da ita yana roƙon minti ɗaya, yana haɗa direban da girman iyayensa.

Malam ya bi gefen motar. Ya fara da Turanci, da muryar aji, ya ce ta sauko. Kan bai ɗago ba. Ya koma Hausa ya ce, ke. Ya ce, Maman Yasmin. Wani ɗan kasuwa a tsakiya ya yi tsaki ya ce in rigimar gida ce a bari sai an isa. Tayar gaba ta taka bakin kwalta.

Ya ji kamar mahaifinsa na tsaye a bayansa, da kakansa, da duk dattawan da suka mutu ba su karya wannan abu ba. Ya ji kuma gidan da zai koma, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Shekara talatin da huɗu sunan na bakinsa, shi ya raɗa mata shi a zuci ya aika wa liman a takarda. Bai san ma yadda zai fito ba.

"Fiddausi."

Ya fito a shaƙe, kamar tari. Ya dafa ƙarfen ƙofar ya sake, wannan karon yadda na bayan aji zai ji.

"Fiddausi. Sauko mu je gida."

Tsohuwar ta kai hannu ta daki kafaɗar direba ta ce ya taka burki ko ta tsine masa, ta haifi wanda ya girme shi.

Sai da mutum biyar suka sauka kafin ta samu hanya. Ta durƙusa a cikin taɓo ta gaishe shi, idonta a ƙasa, shi kuma nasa a kan rufin motar inda Ɗanasabe ke kwance igiya yana sauko da jakarta, yana ba direba haƙuri, yana cewa yanzu zai samo masa wani fasinjan. Ba wanda ya san inda zai sa hannunsa. Yasmin ce ta warware, ta tambayi uwarta da Turancinta na 'yan makarantar Kaduna ko wannan ne kakan da ke gyara wa mutane magana. Kuskure biyu ne a tambayar. Malam ya ji su duka, ya ce mata shi ne.

A rumfar mai shayi suka fake. Nan ta faɗa masa, tana kallon kofin da ba ta sha ba. Shekaranjiya mijinta ya sake ta. Danginsa suka ce ta tafi abinta amma ta bar musu yarinya. Yau da safe, da suka fita ɗaurin aure, ta ɗauki jaka ɗaya ta kamo hannun 'yarta. Ta san macen da aka saka gidan ubanta take nufa. Amma ta zauna a mota tun daga Kaduna tana tunanin yadda za ta shiga gidan da ba uwarta, ta zauna da mutumin da bai taɓa ce mata komai ba sai sake faɗa. Shi ya sa ta yanki Gusau, wurin Inna Barakatu, ƙanwar mahaifiyarta. Saƙon nan gwaji ne na ƙarshe, kuma da amsar ta shigo ta kashe wayar.

"Na ɗauka ba ka sona ne, Baba. Tun ina aji ɗaya."

Ya daɗe yana juya hularsa da ta jiƙe. Maganar tana da yawa, kuma bai saba ba. Abin da ya samu kawai shi ne ya ce ɗakin uwarta na nan yadda ta bar shi, kullum yana sharewa.

Ruwa ya tsagaita bayan La'asar. Ɗanasabe ya ɗaure jakar a bayan babur, ya ce wa Fiddausi in Malam ya sake fito da jan biro ta aiko masa, 'yan ajinsu na nan da yawa a tasha, dama suna da tsohon fushi. Ta yi dariyar farko. Suka hau su uku, Yasmin a gaba kan tanki tana ƙirga shanu, uwarta a baya ta riƙe ƙarfe, ta bar tazara tsakaninta da bayan mahaifinta. Suka kama hanyar Bakori. Sau biyu ya motsa leɓe yana gwada sunan, iska na kwashewa.

Da suka karyo kwanar layinsu ya hangi baƙar mota mai lambar Kaduna a ƙofar gidansa, ta toshe zaure. Wani dogon mutum cikin farar shadda yana jingine da ita, ambulan a hannu, yana karkaɗe taɓo daga takalminsa. Malam ya tambaya ko ta san shi. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, amma motar ta wan mijinta ce. Ya ji hannunta ya bar ƙarfen ya kama gefen rigarsa.

Mutumin ya miƙe, ya yi sallama cikin ladabi, idonsa bai bar kan Yasmin ba.

"Malam Ummaru ko? Sunana Jibril. Ba zan ɓata maka lokaci ba, ranka ya daɗe. An aiko ni da takarda, an kuma ce kada in koma Kaduna sai da yarinyar nan."