Wayar Bakin Birkila

Aikin farko da ta yi da hannunta ita kaɗai bayan gama horon ƙwarewa a matsayin likitar tiyatar baki, wani birkila ne da ya faɗo daga saman gini muƙamuƙinsa ya karye. Ta daidaita ƙashin, ta ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya, yadda baki ba zai buɗe ba sai ƙashi ya haɗe. Aiki ya yi kyau, har ta so a ce malamin da ya koyar da ita yana nan ya gani, ko da yake shi yabo wuya yake masa. Ta gaya wa nas duk abin da ta saba faɗa, ta ce wa matar birkilan abu mai ruwa-ruwa kawai za a ba shi in ya wartsake, sannan ta tafi gida cin abincin rana tana jin kanta a sama.

Ta tarar da maigidanta tsaye a kan kujera yana kokawa da fankar falo, babanta kuma na zaune yana ba shi umarnin da bai nema ba.

"Ga mai cire haƙori ta dawo," in ji Baba. Shekarun da ta ƙare a karatu, a wajensa iyakarsu ke nan.

"Baba, yau fa muƙamuƙi na haɗa."

"To madalla. Ki haɗa mana da na mijinki, tun safe yake cika mana baki a kan fankar nan."

Tana dariya ta ɗaga cokali za ta kai baki, maigidan ya ce daga sama, "Miƙo min ƙaramar filayar nan in yanke wayar."

Cokalin bai ƙarasa ba.

Wanda aka ɗaure wa baki, in amai ya taso masa bayan maganin barcin tiyata, ba shi da hanyar fita, sai ya koma ya shaƙe shi. Shi ya sa ake manna almakashin yanke waya a kan gadonsa da filasta. A babban asibitin da ta yi horo, ko yaushe ta zo duba mara lafiya sai ta tarar da almakashin a manne, kamar tare aka ƙera shi da gadon. Ba ta taɓa cewa a sa ba, ba ta ma san hannun wa ke sawa ba. Wannan ƙaramin asibitin kuwa bai taɓa samun likitan tiyatar baki ba sai ita.

Ta kira nas a waya, ta tambaye ta ko akwai almakashin a kan gadon.

"Wane almakashi, likita? Kayan aikinki suna ɗakin tiyata, mai makullin ya fita. Af, dama ina son kiranki, mutumin naki sai nuna cikinsa yake."

"Ki juya shi ta gefe, ki jawo injin zuƙe ruwa kusa. Ga ni nan!"

Ta fizge filayar daga kan tebur. Maigidan na kiran "ina zuwa da ita?" har ta kai mota. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba a shekarun horo, domin a can in abu ya ɓaci akwai wanda za a kira.

Ta sami birkilan a kwance ta gefe, idanu waje, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin haƙora da hanci, yana yaƙushin wayar da farce. Matarsa na jijjiga shi tana salati. Likita ta ɗaga leɓensa, ta sa filayar gyaran fanka a kan aikin da ta ɓata safiya tana ƙawatawa, ta yanke ɗaya bayan ɗaya. Bakin ya saki, nas ta zuƙe abin da ya taru. Ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya yi tari, ya sake ja.

Sai a lokacin ta ja da baya, filayar a hannunta.

"Allah ne ya kawo ki, likita," in ji matar, tana share fuska da bakin mayafi. Godiyar ta fi zagi yi mata ciwo. Matar ta leƙa bakin mijin da ya sake karkacewa, ta rage murya. "To yanzu wa zai sake ɗaurewa? Ko za a kira mana babbanku?"

"Babu wani babba a nan, yaya. Ni ce. Ya kamata a ce akwai abin yanke waya a kan gadon nan tun ɗazu, ni ban sa an ajiye ba. Gobe zan sake aikin in kun yarda. In kuma kun fi son wani asibitin, ni da kaina zan haɗa ku da su."

Matar ta dubi mijinta. Shi kuwa ya daɗe yana kallon likitar, sannan ya miƙo hannu mai kaushin siminti. Ta ɗauka gaisawa zai yi, ashe filayar yake so. Ya karɓe ta ya tura ƙarƙashin matashinsa.

"Ki sake," ya ce da ƙyar, maganar na fita a karkace. "Amma wannan ta zauna a wurina."