Ko Ɗaya Bai Zubar Ba

Wata huɗu ke nan Auta tana zargin mahaifinta da zubar da magani. Tela ce, ta rufe shago ta koma jinyarsa tun da aka fara yi masa wankin ƙoda. Likita ta rubuta masa wasu tika-tikan ƙwayoyi farare, na gishirin wani ƙarfe da ake kira lantanam, masu kama wani sinadarin abinci, wai shi fosfet, tun a ciki kafin ya shiga jini. Sharaɗin ɗaya ne tak: a tauna su lukui tare da abinci.

To amma duk gwajin da aka yi, fosfet na nan a sama. Baba kuwa, saboda ƙaiƙayin da yawan fosfet ke sawa, susa yake har fatarsa ta yi jini.

"Baba, don Allah ina kake jefa su?"

"Na sha, Auta."

Kai, babu inda ba ta bincika ba: ƙarƙashin katifa, aljihunsa, kwandon shara. Ran nan haƙurinta ya ƙare, ta daka masa tsawa: "In mutuwa kake so ka faɗa mini, in koma kan kekena!"

Sai ga tsohon kwana uku bai zaga ba, ciki ya kumbura, amai ba ƙaƙƙautawa. A asibiti Auta ta riƙe hannun likita gam. "Ki taimake ni, shi kaɗai ya rage mini."

Da aka ɗauko hoton cikin, likita ta ɗaga mata shi. Wasu fararen abubuwa ne cunkushe a hanji, kamar an zazzage gwangwanin maɓallai.

"Maganinsa ne," in ji likita. "Hasken hoto ba ya ratsa wannan gishirin, shi ya sa ya fito fari. Ɗungurungum yake haɗiye su, ba sa aiki, yanzu kuma sun toshe hanji. Sai tiyata, kuma da wannan ƙodar tasa ba zan yi miki alkawari ba."

Auta ta ruga wurin gadonsa. "Baba, me ya hana ka taunawa?"

Ya buɗe baki a hankali. Innalillahi! Turamen haƙoransa duk sun zube, sai dasashi ja wur. Ashe shi ya sa kullum yake juya mata baya in zai sha, shi ya sa yake roƙon abinci mai laushi, ita kuwa tana ce masa ya cika tsirfa. Da bayan cokali ma za ta iya murƙushe masa su. Cokali fa!

"Hidimar ta yi miki yawa," ya ce. "Na ce kar in ƙara miki da ta haƙori. In dai sun shiga ciki, ai na ɗauka shi ke nan."

Kunya da tsoro suka rufe ta, ta kasa ko neman gafara. Ma'aikata suka fara tura gadon. Daf da ƙofar ɗakin tiyata ya kamo bakin mayafinta.

"Kin dai ga hoton ko, Auta? Ko ɗaya ban zubar ba."